Ƙananan jiragen da muke haɗawa: dole ne siffa ta zo daidai da ta jirgin gaske?

Sagir_Kurna
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar nan. An taho mini da kit (sassan ƙaramin jirgi na roba da ake haɗawa) na jirgin soja Alpha Jet a ma'aunin 1:72, wato an rage girmansa sau 72, niyyata in yi masa fentin Sojan Saman Najeriya. Da na baje sassan a tebur na kwatanta da hoton da nake bi, sai na ga hancin kit ɗin dogo ne mai tsini, na cikin hoton kuwa a dunƙule yake. Na kuma auna fukafukai daga wannan baki zuwa wancan, na samu milimita 125. Faɗin na gaske mita 9.11 ne, wato ya kamata in samu 126 da rabi. Shin in yanke hancin in sake shi, ko in haɗa a haka? Fukafukan fa? Kuma gaba ɗaya, har ina ya kamata mutum ya bi daidaiton siffa?

Baba_Hanga
Wa alaikumus salam. Sagir, abu biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Maganar hanci ba laifin masu kit ba ce, wani jirgin ne daban a hannunka. Alpha Jet aikin haɗin gwiwa ne na Faransa da Jamus, ya fara tashi a 1973. Faransawa don koyar da matuƙa suka so shi, nasu shi ne samfurin E mai dunƙulallen hanci. Jamusawa don kai farmaki suka so shi, nasu shi ne samfurin A mai tsini. Waɗanda aka fara kawowa Najeriya a farkon shekarun 1980 masu dunƙulallen hancin ne. In ɗaya daga cikinsu kake son yi, to sai ka taɓa hancin nan, don duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgin shi zai fara gani.

Fukafukai kuwa ka ƙyale su. Milimita ɗaya da rabi sau 72 bai cika santimita 11 ba. A jikin jirgin da faɗinsa ya haura mita 9, babu idon da zai kama wannan.

Danliti_77
Ni dai a ganina ɗora wa kai nauyi ne. Mu nawa ne a garin nan da za su kalli jirgi a kan kanta su ce hancin nan na Jamus ne? Ga kit da tsada, ga wuyar samu, sai an jira mai tahowa daga waje. Ka sa wuƙa ka yanke, in ya lalace ina za ka samo wani? Sagir, haɗa abinka, ka yi fenti mai tsafta, ka liƙa sitika, ka ji daɗinsa. Ai don nishaɗi muke yi.

Injiniya_Zazzau
Malam Danliti, ban bi ka a nan ba. Duk kwalin da aka rubuta wa 1:72 alkawari ne aka ɗaukar maka: kowane santimita ɗaya a hannunka santimita 72 ne a jikin jirgin gaske. Wannan alkawarin ne ya raba abin da muke yi da jirgin roba na yara da ake sayarwa a kasuwa. Kuma siffa ita ce tushe. Fenti, sitika, kujerar matuƙi, bel ɗinta, duk a kanta suke zaune. In tela ya ɓata yanka, duk kyan aikin da zai yi a wuya ba ya gyara zaman riga. Na sha ganin wanda ya ɓata watanni yana ƙawata cikin mazaunin matuƙi, wurin da sai da tocila ake leƙawa, alhali jelar jirgin ta yi gajarta, ana hangowa tun daga bakin ƙofa.

Ba sai baƙo ya gane ba. Kai da ka gina ka sani, kuma kai za ka riƙa kallonsa kullum.

Maman_Iman
Injiniya, bari in sa baki, don ni ma awo ne sana'ata, ƙananan samfuran gine-gine nake yi. Ku ɗauki kowane kit na 1:72 ku duba layukan da aka tsaga a jikinsa don nuna mahaɗar faranti. In faɗin layin milimita 0.2 ne, a jirgin gaske ya zama rami mai faɗin kusan santimita ɗaya da rabi. Wane jirgi ne zai tashi da irin wannan gibi a jikinsa? Murfin gilashin da ke kan matuƙi, in kaurinsa milimita ɗaya ne, ya zama santimita 7 da ɗoriya. Haka bakin fiffike na baya, haka ƙofofin tayoyi, haka eriya. Roba ba ta zubuwa da sirantar da lissafi yake nema, kuma in aka yi layukan daidai da ma'auni ido ba zai gan su ba sam, jirgin ya fito sumul ba rai.

Abin da nake nufi, babu samfurin da ya yi daidai ɗari bisa ɗari, har wanda ya fi kowanne tsada. Kowa zaɓa yake yi: nan zan ƙara, nan zan rage.

Injiniya_Zazzau
Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai kaurin gilashi dole ce ta sa, robar ce ta ƙi. Lanƙwasar hanci ko tsawon jela kuwa babu abin da ya tilasta. Kuɗin da za a kashe a yi mazubi, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, mai siffa daidai shi za a kashe a yi mai karkata. Wancan uzuri ne, wannan rashin bincike ne.

Abu_Safwan_Ingila
Akwai lokacin da maganar nan ta zama ta rai da mutuwa. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Rundunar Sojan Ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 da katako, dukkansu a ma'aunin 1:72. Baƙin fenti kawai ake shafa musu. Ba layukan faranti, ba kayan ciki, ba alamar ƙasa. Da su ake koya wa masu harbo jirage da matuƙa da masu gadin sama yadda za su bambanta na gida da na abokan gaba cikin ƙiftawar ido. Samfurin da aka rataye a nisan mita 10 daidai yake da jirgin gaske a nisan mita 720. A wannan nisa me mutum yake gani? Yankan fiffike, tsawon hanci, tsayin jela, yawan injuna, inda murfin matuƙi ya zauna. Shi ke nan.

Ni wannan nake ɗauka ma'aunina. Duk abin da zai bayyana in aka shafe jirgin da baƙi aka ɗaga shi sama, shi ne siffa, kuma ba na sassauci a kansa. Abin da sai an kawo rula kafin a gano, ba ya hana ni barci. Hancin Sagir yana rukuni na farko, fukafukansa suna na biyu, kamar dai yadda Baba ya faɗa.

Danliti_77
To ai wancan yaƙi ne, Malam Abu. Mu ba wanda zai harbo jirgin gida saboda kuskurenmu. Abin da nake tsoro shi ne yaro sabon shiga ya karanta irin wannan muhawara ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Na san waɗanda kwalayensu ke jibge a kabad shekara da shekaru ba su buɗe ba, wai suna jiran su sami cikakken zane tukuna. Jirgin da aka gama da ɗan kuskure ya fi wanda ke kwance a leda.

Habu_Damagaram
Gaisuwa daga Damagaram. Ni Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, na fi yi, kuma shi ne jirgin da ya fi koya wa mutum wannan darasi. Fiffikensa ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa ce tun daga gindi har ƙarshe, gaba da baya, faɗinsa mita 11.23, wato milimita 156 a 1:72. In faɗin ya ragu da milimita biyu amma lanƙwasar ta fita, kowa zai ce Spitfire ne. In faɗin ya cika cif amma bakin baya ya miƙe inda ya kamata ya lanƙwasa, ko wanda bai san sunan jirgin ba zai ji wani abu bai zauna ba. Ido ba lamba yake karantawa ba, dangantakar sassa yake kallo.

Sannan a kula da bambancin samfuri, irin wanda ya sami Sagir. Spitfire samfurin Mk V farfelarsa mai ganye uku ce, a ƙarƙashin fiffiken dama akwai babban akwatin lagireto, a hagu ɗan ƙaramin na sanyaya mai. Mk IX da ya shigo a 1942 an sa masa injin Merlin da ya fi tsawo, don haka hancinsa ya ƙara tsawo, farfela ta koma ganye huɗu, akwatunan ƙasan fukafukai suka zama biyu masu girma ɗaya. Wanda ya liƙa sitikar Mk IX a jikin Mk V bai yi kuskuren milimita ba, tarihin jirgin ya canja.

Abu_Safwan_Ingila
Dangane da maganar Injiniya kan mazubi: masu kamfanonin ma sun san abin da nauyi. A 2014 kamfanin Eduard na Jamhuriyar Cek ya fitar da kit na Bf 109G-6, jirgin yaƙin Jamus, a 1:48. Masu saye suka auna suka ga ya ɗara ma'auni girma, musamman fukafukai. Kamfanin ya karɓi gyara, ya sake sabon mazubi, ya fitar da gyararren a 2016. Ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma ku lura da wani abu: in ka ajiye na 2014 shi kaɗai a tebur, kyakkyawa ne ƙwarai. Sai an jera shi da wani Bf 109 na ma'auni ɗaya girman yake fitowa. Don haka amsar ta danganta da yadda za ka ajiye kayanka. Mai jera jirage da yawa a kanta ɗaya ya fi mai guda ɗaya buƙatar ma'auni ya cika.

Garba_Gwangwani
Ku masu kit kun huta. Mu da kwali da gwangwanin madara da soson kwalin firij muke yi, ba mazubi, ba takardar bayani. Kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano na tashi, lokacin jigilar alhazai mukan tsaya muna kallon manyan jirage suna saukowa ta saman unguwa, mu koma gida mu fere kara da totuwa mu yi namu. Tun a lokacin mun san in tozon nan na gaba bai fita ba, ba wanda zai kira shi Jambo, wato Boeing 747.

Yanzu da nake yi da awo, na gane tozon ma iri-iri ne. Boeing 747-200, irin waɗanda kamfanin jiragen sama na Kabo ya yi aiki da su, benensa, wato tozon nan, gajere ne. Daga 747-300 aka ƙara masa kusan mita 7. Shi kuma 747-400 ga dogon bene, ga 'yan fukafukai da suka miƙe sama a ƙarshen manyan. Tsawonsa mita 70.6, faɗinsa 64.4, a ma'aunin 1:144 tsawon ya zama santimita 49. Kwanaki na kai ɗaya wurin wani dattijo da ya yi aikin lodin kaya a filin jirgi. Bai tambayi tsawo ba, bai ƙirga tagogi ba. Ya juya shi ta gaba, ya runtse ido ɗaya, ya ce goshin ya yi tsaye da yawa, na gaske a kwance yake gangarowa zuwa hanci. Na koma na duba hotuna, haka ne. Mutumin da ya shekara yana kallon abu, siffar tana cikin idonsa.

Maman_Iman
Malam Garba, don Allah ka sa mana hoton 747 ɗin nan. Da me ka yi injunan?

Garba_Gwangwani
Hajiya, da bututun roba na masu wayarin, na ɗumama bakin a wuta kaɗan na matse shi ya tsuke ta baya. Ganyen fankar ciki gwangwani ne, na yanka da almakashi na murɗa ɗaya bayan ɗaya. Zan sa hoto in na koma gida.

Nura_Rimot
Duk maganar da kuke yi ta jiragen ajiya ce. Mu da namu ke tashi da rimot, wani lokaci da gangan muke saɓa wa siffa. Iska ba ta rage girmanta don ka rage jirgi. Yadda take bi ta kan fiffike mai faɗin taku ɗaya ba haka take bi ta kan na jirgin gaske ba. In ka kwafi jela daidai da ma'auni, sau da yawa takan yi kaɗan, jirgin ya ƙi natsuwa a sama. Sai a ɗan ƙara mata girma, a canja kaurin fiffike, a ɗan karkatar da injin. Ga kuma maganar nauyi: inda jirgin zai daidaita in ka ɗora shi a yatsu biyu ya kamata ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin bakin gaba da bakin baya na fiffike, in aka auna daga gaba. Jirage masu gajeren hanci sai an cusa musu dalma a gaba kafin su kai nan.

Ko a gasar duniya ta rukunin F4C, na jiragen rimot da aka kwaikwayi na gaske, maki kashi biyu ne: alƙalai su duba jirgin a ƙasa su kwatanta da zane da hotunan da mai shi ya kawo, sannan a ga tashinsa. Duk abin da ka ƙara wa jela don ya tashi lafiya, za ka biya shi a makin ƙasa. Kowa lissafinsa yake yi.

Injiniya_Zazzau
Nura, wannan na yarda da shi, don ka san abin da ka canja kuma ka san dalili. Da wanda bai duba ba nake magana.

Baba_Hanga
Tunda an zo maganar zane, Sagir da sauran matasa ku saurara. Kada ku ɗauki kowane zane da kuka sauke daga intanet a matsayin alƙali. Sau da yawa za ka sami zane biyu na jirgi ɗaya, ka ɗora wannan a kan wancan su ƙi haɗuwa. Wasu daga hotuna aka zana su, wasu kwafin kwafi ne, kuma injin buga takarda ma yakan ɗan ja ko ya tsuke. Kafin ka ce kit ya yi gajarta, auna zanen naka da alƙaluman kamfanin da ya ƙera jirgin. Hoto ma haka. Wanda aka ɗauka da waya daga kusa yakan kumbura hanci ya tsuke jela. A nemi wanda aka ɗauka daga nesa, daga gefe sosai.

Yanzu kamfanonin kit irin su Airfix sukan je da na'urar LiDAR su auna jirgin gaske a gidan tarihi, tana ɗauko siffar da hasken leza. Ci gaba ne babba. Amma jirgin gidan tarihi ma sai an yi hattara, don wani an yi masa gyara da kayan da ba nasa ba, wani ƙafafunsa sun zauna saboda daɗewa a tsaye. Na yi shekaru ina aiki a jikin jirage, kuma zan gaya muku tsayuwar jirgi a ƙasa tana canjawa da nauyin mai da kayan da ke jikinsa. Wannan tsayuwar, da yadda fukafukai suka ɗaga ko suka sunkuya in ka kalle shi ta gaba, sun fi milimitar da kuke aunawa tasiri. Alpha Jet fukafukansa a kafaɗa suke, kuma sunkuyawa suke yi ƙasa. In ka manna su a miƙe, ka rasa jirgin ko da hancin ya yi daidai.

Abu_Safwan_Ingila
Maganar Baba ta ƙarshe ita ce abin da alƙalan gasa suke fara dubawa. Ƙungiyar IPMS ta masu haɗa samfuran roba, wadda aka kafa a nan Birtaniya a 1963, tana babban taronta a garin Telford kowane watan Nuwamba. A tsarin alƙalancin reshenta na Amurka, aikin hannu ne a gaba: fukafukai biyu sun daidaita? Jela ta tsaya a miƙe? An ɓatar da layin da ɓari biyu na jiki suka haɗu? Akwai tabon gam a gilashi? Tayoyi duka sun taɓa ƙasa? Dalilinsu a fili yake, babu alƙalin da ya haddace siffar kowane jirgi, amma kowa na iya ganin karkataccen fiffike. Wannan ya ɗan ƙarfafa ɓangaren Danliti.

Danliti_77
Madalla. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. A fara koyon haɗawa da tsafta.

Sagir_Kurna
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Fukafukai na bar su. Hancin ne har yanzu nake juyayi, don jirgin da ke cikin hotona nake so, ba wani ba. In na yanke shawarar gyarawa, ta ina zan fara? Ban taɓa yanka kit ba.

Garba_Gwangwani
Ƙanena, ba wuya in ka bi a hankali. Kafin ka taɓa wuƙa, buga hoton gefe na mai dunƙulallen hanci a girman samfurinka, ka yanke siffar hancin a kwali mai ƙarfi, ɗaya ta gefe ɗaya ta sama, su zama ma'auninka. Cika cikin hancin kit ɗin tukuna da gutsattsarin robar da sassan suka zo a jiki, ka sa gam, ka bar shi ya kwana biyu ya bushe sarai, don in ka goge tsinin kada ka faɗa rami. Ka tuna da ɗan nauyi a ciki, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan jelarsa. Sannan ka rage tsinin da magagari, kaɗan-kaɗan, kana gwada kwalin. Inda ya rage ka cike da fila irin ta masu gyaran jikin mota, siriri-siriri, don mai yawa tana iya cin roba. Samfefa mai laushi da ruwa a ƙarshe. Ka shafa farar ƙasa ta fenti mai ruwan toka, ka kashe wutar ɗaki, ka haska tocila daga gefe, inuwar da ta faɗa a bango za ta nuna maka duk inda ya kumbura.

Maman_Iman
Ka fara gwadawa a murfin biro ko wata tsohuwar roba kafin ka taɓa kit ɗin, hannunka ya saba da magagarin.

Habu_Damagaram
Ko kuma ka bar hancin yadda yake ka yi masa fentin Sojan Saman Jamus, tunda nasu ne, ka jira a samo maka samfurin E don na Najeriya. Ba yanka, ba kuskure, kuma ka tashi da jirage biyu da za ka jera a ga bambancin.

Danliti_77
Shawarar Malam Habu ta fi kwanta mini, ko da yake ni har yanzu da ni ne da kore-fari-kore zan liƙa masa a haka.

Injiniya_Zazzau
Sagir, in ka zaɓi yanka, ka duba gefen hancin a hotonka da kyau. Samfurin E yana da 'yan siraran faranti a kwance, ɗaya a kowane gefe. Ba za ka same su a kit ɗinka ba, sai ka yanko su daga robar katin waya ka goge su su yi siriri. Turo hoton da kake bi, da lambar da ke jikin jirgin, mu duba tare kafin ka fara.